Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa mambobi. Ga rahoton bana daga ofishin sakatare, ku yi haƙuri ya ɗan makara.

Rabon kayan azumi ga marayu ya gudana a Rigasa da Tudun Wada, an gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace, ma'aji zai karanto lissafi ranar mitin.

Toh abin da ya fi cinye mana lokaci bana dai maganar banki ce da takardu. Kun san akwai hukumar FATF da ke Faris, ita ke tsara ƙa'idojin hana safarar kuɗin haram da tallafa wa ta'addanci, ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, sai a Oktoban 2025 aka cire mu, alhamdulillah. Mu ba mu da ja da wannan, mutanen Kaduna sun san abin da kuɗin ƴan bindiga ya jawo mana. Amma fa ita kanta FATF ɗin a shawararta ta 8, wadda ta gyara a 2023, cewa ta yi a duba ƙungiyoyin da ke cikin haɗarin a yi amfani da su wajen tallafa wa ta'addanci a bi su gwargwadon haɗarin, kar a takura wa masu aikin alheri. Kafin maganar ta iso kan tebur ɗin ma'aikacin banki ta kumbura, kowa ya ƙara nasa don kar a ce shi ya yi sakaci. Wata ƙungiyar zawarawa da ke tare da mu, kuɗinsu na adashe ne da ɗan abin da ƴan uwa ke turowa, an ce su kawo satifiket na CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da na SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da safarar kuɗin haram) da rahoton odita da hoton kowane amintacce, wlh kuɗin odita kaɗai ya kusa abin da ke asusun, ƙarshe suka mayar da kuɗin cikin gwangwani a ɗakin shugabarsu. Yanzu wa ke ganin inda kuɗin ke shiga kenan?

Shi ya sa kwamitinmu ya rubuta takarda ga ƴan majalisarmu na tarayya, tunda sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka nan sai majalisa ta zartar, su ne masu wuƙa da nama. Mun roƙi duk abin da za a ɗauko daga waje a tsaya iya abin da aka nema, in za a ƙara a faɗi dalili, kuma ƙananan ƙungiyoyi a yi musu fom mai sauƙi da Hausa. Amsa kam muna jira.

Duk wanda aka rufe wa asusu ko aka nemi wata takarda ta daban ya kawo kwafi ofis kafin mitin, muna haɗa su ne. Masu bashin kuɗin wata kuma ku taimaka, ma'aji ya gaji da kira.

Sakatare