Wendell Scott: a duba yawan tseren da ya kammala

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani tsohon direban tseren motoci na Amurka, marigayi Wendell Scott. Duk sanda sunansa ya fito a labaran wasanni, layi ɗaya ake ba shi: baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukunin NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren motoci a Amurka. Wasu su ƙara da cewa sau ɗaya tak ya yi nasara cikin tsere 495, sai mai karatu ya ɗauka wani raggon direba ne da sa'a ta taɓa faɗo masa. Wanda ya san wahalar da ake sha kafin mota ta kai ƙarshen tsere ba zai yarda da haka ba. Cikin tseren nan 495, sau 147 ya gama cikin goman farko, sau 20 cikin biyar na farko, kuma a 1966 shi ne na 6 a jadawalin makin shekara, duk da motocin hannu da shi kansa yake kwancewa ya ɗaura.

An haife shi ranar 29 ga Agusta 1921 a Danville, jihar Virginia. Ya yi tuƙin tasi, ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya buɗe gareji. Kamar direbobi da yawa na zamaninsa, ya yi fasa-ƙwaurin barasa da dare, a nan ya koyi gudu da mota mai nauyi a hanyar da ba kwalta. A 1952 ya fara tsere a filin garinsu, a 1959 ya zama zakaran jihar Virginia a ƙaramin rukuni, sannan a 1961 ya hau babban rukunin, wanda a lokacin ake kira Grand National. Lambar motarsa 34.

Abin da nake so masu karatu su gane shi ne aikin da ke ƙarƙashin motar. A wancan zamani motar kasuwa ce ake ɗauka, Ford ko Chevrolet, a cire kujeru, a yi waldar kejin ƙarfe a ciki don kare direba, a ƙarfafa ƙafafunta. Yawancin filayen zagaye ne mai siffar ƙwai, kuma hagu kaɗai ake shan kwana. Saboda haka nauyin mota kullum dama yake faɗawa, musamman tayar gaba ta dama. Ita ce ke fara zafi, ita ce ke fara cinyewa, boris ɗinta da ƙarfen da take juyawa a kai su ne ke fara karyewa. Idan ta fashe a tsakiyar kwana, mota ba ta ƙara jin sitiyari, bango take nufa kai tsaye. Shi ya sa ake sa sifirin mai ƙarfi a ɓangaren dama, a musanya ƙarafan ƙafar da masu kauri.

Akwai kuma lissafin tayoyin baya. Da yake su biyun tare suke juyawa, ana sa ta dama ta ɗan fi ta hagu girman kewaye, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta. Da tef ake auna kowace taya kafin a ɗaura. In bambancin ya yi yawa, bayan mota ya riƙa zamewa waje. In ya yi kaɗan, hancinta ya ƙi shiga kwana, direba ya yi ta taka birki, tayar gaba ta dama ta ƙone da wuri. Ƙungiyar da kamfani ke ɗaukar nauyinta tana da tulin sababbin tayoyi da za ta zaɓi waɗanda suka dace. Scott sau da yawa da tayoyin da wasu suka cire yake shiga tsere, wato da abin da ya samu zai daidaita mota.

Inji ma haka. Giyar da ke juya tayoyin baya, wadda ta dace da filin rabin mil, daban take da wadda ake sa wa a filin tseren Daytona mai mil biyu da rabi. In aka sa giyar da ta yi gajarta, inji zai wuce iyakar juyinsa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, sifirin bawul ya kasa rufe shi a kan lokaci, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki. A filin ƙasa kuwa, laka da ƙura ke toshe lagireto. Ko an sa raga a gabansa, tana cika, zafi ya hau, gasket ya ƙone, ruwa ya zube. Direban kamfani in ya fasa inji, washegari a kawo masa wani. Scott in ya fasa nasa, shi zai kwana yana haɗa wani daga kayan hannu, kuma kuɗin abincin gida ne zai tafi. Dole ya riƙa tuƙi ƙasa da iyakar injinsa, idonsa a kan ma'aunin zafi da na baƙin mai, ya bar masu gaggawa su lalata nasu. A kakar 1964 tsere 62 aka yi, wani lokaci biyu ko uku a mako guda, a garuruwa masu nisa da juna. Mutumin da ke jan motarsa zuwa kowane fili, ya gyara ta da dare, 'ya'yansa maza su ne masu yi wa motar hidima in ya tsaya a tsakiyar tsere, har wani lokaci ya fito daga mota ya taya su canza taya mai noti biyar, sannan ya gama shekara cikin goman farko sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, wannan gwani ne a tuƙi da kanikanci duka. Duk bakaniken da ya taɓa tayar da tsohuwar mota da kayan gwanjo ya san abin da nake nufi.

Nasararsa ta ranar 1 ga Disamba 1963 a Jacksonville, jihar Florida, daga wannan haƙuri ta fito. Filin ƙasa ne na rabin mil, zagaye 200, mil 100 ke nan, kuma ƙasar ta farfashe ta yi ramuka. Motoci suka yi ta karyewa. Direba Richard Petty ne a gaba har sai da ramukan suka lalata masa sitiyari, Scott ya wuce shi saura zagaye 25, cikin Chevrolet ɗin da ya saya hannun wani direba, Ned Jarrett. Amma da ya cika zagaye 200 ba a ɗaga masa tutar ƙarshe ba. Ya ƙara zagaye biyu, aka ɗaga wa wani direba, Buck Baker, tuta, aka ba shi kofi. A lokacin da hannu ake ƙirga zagaye, mutum na zaune yana rubutawa duk sanda mota ta gifta, don haka kuskure na iya faruwa, kuma uzurin da jami'ai suka bayar ke nan. Sai bayan kamar awa biyu, jama'a sun watse, aka amince Scott ne ya ci, aka biya shi dala 1,000. Shi dai ya yi imani an yi haka ne don kada a ga baƙar fata tsaye kusa da sarauniyar kyau farar fata a wurin ba da kofi. A ganina kuskuren zagaye biyu cur a kan motar da ke jagorantar tsere, a kudancin Amurka na 1963, ya fi ƙarfin a kira shi tuntuɓen alƙalami. Bai taɓa riƙe kofin nan ba. Sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalinsa kofin nasarar a Daytona, shekara 30 da 'yan kai bayan rasuwarsa.

Ba a ranar kaɗai aka tauye shi ba. Filin Darlington ya yi shekaru yana ƙin karɓar sa, kuma a farkon shekarun 1960 otal-otal da gidajen abinci da yawa na kudu ba sa karɓar baƙar fata, ga shi babu babban kamfanin da ya ɗauki nauyinsa kamar yadda aka yi wa waɗanda yake gogawa da su. Adalci ne a faɗi cewa wasu direbobi farar fata, irin su Jarrett, sun taimaka masa da kayan gyara.

A watan Mayu 1973 ya ci bashi ya sayi Mercury mai kyau, ya shiga tseren Talladega a jihar Alabama, fili mai mil 2.66. Motoci 60 aka saki a ranar, yawan da ya wuce hankali. Tun farkon tseren injin wata mota ya fashe, baƙin mai ya malale a kwalta. Taya ba ta kama ƙasa a kan mai, hayaƙi da ƙura kuma suka rufe wa na baya ido, motoci kusan 20 suka afka wa juna. Scott ya karye a ƙugu da haƙarƙari da ƙafa, motar ta zama tarkace, bashin kuma ya bi shi shekaru. Ya sake shiga tsere ɗaya a Charlotte a watan Oktoba na shekarar, ya zo na 12, daga nan ya koma garejinsa a Danville. Ciwon daji na ƙashin baya ya yi ajalinsa ranar 23 ga Disamba 1990. A 2015 aka sa shi a zauren karrama gwanayen NASCAR, kuma babu wani baƙar fata da ya sake cin tsere a babban rukunin sai Bubba Wallace a Oktoban 2021, a Talladega ɗin nan.

Roƙona, ya Edita, idan shafinku na wasanni zai sake kawo labarinsa, a rubuta 147 ɗin nan kusa da nasarar guda, a kuma faɗa wa masu karatu wa ya haɗa injin da ya kai shi can.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano.