Na Yi wa Surukina Alkawarin Kai Shi Fadar da Ba a Shiga

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, inda nake karatu tare da iyalina, domin neman shawara a kan wata magana da bakina ya jawo mini.

A watan Afrilu na kai ziyara Faduz, babban birnin Liktenstain, wata 'yar ƙasa mai murabba'in kilomita 160 da mutane wajen 40,000, wadda ke maƙale a cikin tsaunuka tsakanin Suwizalan da Ostiriya. Ƙasar ba ta da filin jirgin sama, Faduz kuma ba shi da tashar jirgin ƙasa, saboda haka na hau jirgin ƙasa na kusan awa ɗaya zuwa garin Sargans na Suwizalan, daga nan bas ta tsallaka da ni kogin Rayin ba tare da wani ya nemi fasfona ba. Mazauna garin ba su wuce dubu shida ba, kuma kafin shayin da na riƙo ya huce na gama taka babban titinsa daga farko har ƙarshe. A kan dutse, daidai saman rufin gidajen, fadar Sarki Hans-Adam na Biyu take, mai kaurin bango da ƙananan tagogi. Na hau har bakinta ina haki, na ɗauki hoto, na tura wa surukina ta WhatsApp.

Shi surukin nawa dattijo ne mai riƙe da sarauta a garinmu, wanda ya yi shekaru yana zaman fada. Da ya ga hoton sai ya kira ni cikin murna, ya ce ko sunan garin ma ya nuna fada ce. Ni kuwa, don in faranta masa, na ce: "Baba, in Allah ya kawo ku, ni da kaina zan kai ku." Abin da na ɓoye shi ne iyakata bakin ƙofa, domin fadar gidan zama ne na iyalan sarautar, kuma akwai allo da ke sanar da cewa ba a buɗe ta ga baƙi. Shi kansa Sarkin tun 2004 ya miƙa tafiyar da mulkin yau da kullum ga ɗansa, Yarima Alois. A ranar ƙasa, 15 ga Agusta, ake taro a filin da ke gefen fadar har Yarima ya yi jawabi, amma Baba sai Oktoba zai iso ganin jikarsa.

Yanzu bizarsa ta fito. Uwargidana ta shaida mini cewa ya sa an ɗinka babbar riga mai aska takwas, ya haɗa da hula da dabino, domin a wurinsa abin kunya ne baƙo ya shiga ƙasar Sarki bai kai gaisuwa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya riga ya faɗa wa abokan zamansa, har suna tsokanarsa da cewa ya dawo musu da tukuici.

Ba wai garin ba shi da abin nuna masa ba ne. Akwai gidan tarihin kan sarki na wasiƙu, akwai ginin majalisa mai wakilai 25 kacal, wanda na tabbata zai ba shi dariya, akwai kuma tsohuwar gadar katako mai rufi ta 1901, inda mutum zai tsaya ƙafa ɗaya a Suwizalan, ɗaya a Liktenstain. Wurin gidan sarautar da ake karɓar baƙi shi ne gonar inabinsu, amma giya ake haɗawa a can, ba inda zan kai Alhaji ba ne. Duk waɗannan a ganina ba za su maye masa gurbin zube gaisuwa a gaban Sarki ba.

Uwargida ta ce in bar ta ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta san yadda za ta lallaɓa shi. Ni ina ganin wannan gudun nauyi ne, tunda ni na yi maganar, sai dai kunyar surukuta ta hana ni buɗe baki. Sau biyu ina kiransa da niyyar faɗa, muna ƙarewa a gaisuwa da tambayar damina. Wani abokina kuma ya ce in yi shiru har mu isa ƙofar, in nuna kamar ni ma a ranar na sani, wanda hakan ƙarya ce a kan ƙarya.

Malam, ta wace hanya zan sanar da shi kafin ya taso, yadda girmansa ba zai zube a idon abokansa ba, ni ma kada ya ɗauke ni mai ƙarin gishiri? Ya dace in rubuta wa ofishin fadar takarda in roƙi a karɓi kyautar ko da ba a gan shi ba, ko kuwa in ba shi shawara ya bar rigar a gida?

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zurik