Wasiƙa zuwa ga aminina kan ɗanmu da jarrabawar Suleja

Bauchi.

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Na yi murna da jin yadda ɗanmu yake ƙoƙari a aji huɗu, Allah Ya ƙara masa basira. Amma abubuwa biyu da ka ambata sun tsaya mini a rai: cewa za ka sa ya zauna jarrabawar makarantar masu hazaƙa ta Suleja bana, ya tsallake aji biyar da shida, da kuma cewa 'ya'yan abokan aikinka biyu sun riga sun yi hakan. Ka yi haƙuri zan tsawaita.

Makarantar tana da kyau, ban hana ka nema ba. An buɗe ta a 1990 a jihar Neja, bayan shirin yara masu hazaƙa da aka faro zamanin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawarta, daban da wadda ake yi don shiga kwalejojin tarayya irin na Azare da Billiri. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa daga kowace jiha. Don haka yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai yana iya rasawa, kuma ba gazawarsa ba ce. Ka faɗa masa wannan tun kafin ku cike fom.

Batun tsallake aji kuwa, ka yi lissafi da ni. Shekararsa tara. In ya shiga sakandare bana, zai gama yana da 15, alhali mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. A 2025 JAMB ta buɗe wata 'yar ƙofa ga waɗanda ba su kai ba, amma sai wanda ya ci 320 cikin 400, sannan ya bi wasu matakan tantancewa. Wanda bai kai nan ba zai zauna gida, ko kuma uba ya je a gyara takardar haihuwa, abin da ke dawowa ya ci yaro in bayanan ba su dace da na NIN ba. Ka ga sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A aji biyar da shida ne ake daɗa gina lissafin ɓangare, da kaso cikin ɗari, da raba doguwar lamba, da karanta labari a fahimce shi a amsa da kalmomin kai. Malamin lesin yana iya cusa wa yaro amsoshin tambayoyin shekarun baya har ya ci jarrabawa, amma ranar da aka fara aljebra a ajin farko na sakandare ramin zai bayyana. Kamar mangwaron da aka nuka da kabayit ne, waje jawur, ciki tsami. Sannan ka tuna makarantar kwana ce. Ɗan shekara tara zai wanke kayansa, ya tsare sabulunsa da bokitinsa, ya tashi da ƙararrawa, ya zauna da waɗanda suka girme shi da shekara biyu zuwa uku. Hazaƙar lissafi ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shawarata ita ce ya gama aji shida. Shiri na wata shida ya isa. Minti arba'in a rana, kwana huɗu a mako, kada ya wuce haka. Ranar Asabar a ba shi takardar jarrabawar baya guda ɗaya, a ajiye agogo a gabansa, ya amsa da fensir kamar yadda zai yi a zaure. Bayan ya gama, a ware kurakuransa kashi uku: wanda bai san abin ba, wanda ya sani amma ya yi gaggawa, da wanda bai fahimci Turancin tambayar ba. Na farko koyarwa yake so, na biyu a koya masa duba amsa kafin ya wuce, na uku karatun littafin labari minti ashirin kullum. Yawancin iyaye maki kawai suke dubawa su yi faɗa, shi ya sa kuskure ɗaya ke ta maimaituwa.

Ka duba barcinsa. Yaro mai shekara shida zuwa sha biyu yana bukatar awa tara zuwa sha biyu. Yaranmu kuwa asuba a tashe su, boko har ƙarfe biyu, Islamiyya bayan la'asar, lesin bayan isha'i, ga aikin gida. In zai tashi biyar da rabi, to takwas da rabi ya kamata a ce ya kwanta. In lokaci ya ƙi isa, lesin za a rage, ba barci ba, ba kuma wasan ƙwallo da yamma ba. Alamomin da ke nuna kaya sun yi masa nauyi ba su da wuyar gani: ciwon ciki ko ciwon kai da safiyar ranar gwaji, cizon farce, fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, ɓoye takarda a ƙasan jaka, ko ka ga an murje maki da reza an sake rubutawa. Yaron da ya kai ga murje maki tsoron gida ne ya kama shi, kuma duka zai ƙara masa ne kawai.

Yanzu batun abokan aikinka. Aminina, gasar nan tamu ce, ba ta yara ba. Ranar da aka ba da sakamako sai ka ga hotuna sun cika zauren WhatsApp na iyaye, a wurin biki kuma tambayar farko ga yaro ita ce "na nawa ka zo?" Ina roƙonka kada ka sa sakamakonsa a waya, kada kuma a kwatanta shi da ɗan wane ko da ƙannensa a gabansa. Ka roƙi uwargida ma ta kiyaye. Wani bincike da masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Dweck da abokiyar aikinta suka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa don "suna da ƙwaƙwalwa" sun fi gudun aiki mai wuya, suka kuma fi saurin karaya in sun faɗi, fiye da waɗanda aka yaba wa don ƙoƙarinsu. To ka riƙa tambayarsa wace tambaya ce ta ba shi wahala yau, kuma yaya ya yi da ita.

In Allah Ya sa ya samu shiga, ka shirya shi da kanka. Kowa a ajin nan na ɗaya ne a firamarensu, kuma dole wani ya zo na talatin. Zangon farko shi ne mai haɗari, nan wasu ke yin shiru, wasu su fara satar amsa. Ranar ziyara ka fara da tambayar abinci, da barci, da sunan abokinsa, ka bar maganar maki sai ya kawo ta da kansa. Ka kuma sa ya zauna jarrabawar kwalejojin tarayya a shekarar, don ya san hanya ba ɗaya ba ce.

Ka aiko mini da littafinsa na lissafi da na Turanci in ka samu mai tahowa, in duba in gaya maka inda za a fara. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.