Wasiƙa zuwa ga ɗana kan motar da zai saya don aikin gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Kano lafiya lau, sai ƙafar Hajiyarku da ta sake motsawa, amma da sauƙi.

Labari ya iso mini, kuma ba daga bakinka ba, cewa har ka ba dillali kafin alƙalami a kan wata a-kori-kura 'yar Amurka da ka gani a hoto ta WhatsApp, wai da ita za ka riƙa jan tirelar masara daga gonar Tudun Wada zuwa Dawanau. Kuɗin filin nan ne za ka zuba, ka kuwa san yadda aka yi aka same su. Tunda a waya ba ka bari in kai aya, shi ya sa na rubuto.

Manyan motocin Amurka irin su Tundra da F-150 suna da ƙarfin ja, ban musa ba. Amma mai silinda takwas in ka rataya mata tan biyu, shan fetur ɗinta zai cinye ribar masarar, balle tun da aka cire tallafi a 2023. Kayan gyaranta ma ba kowane shago ne a Ƙofar Ruwa yake da su ba, kuma in ta tsaya maka a daji da kaka, bakaniken ƙauye kallonta kawai zai yi. Ka nemi abin da kowa ya san cikinsa. Hilux ta tsakanin 2005 da 2015 mai injin fetur 2TR, lita 2.7, ba ta da zafin nama amma tana da haƙuri, kuma sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinta. Mai shan gas, wato dizal, mai injin 2KD ko 1KD, ta fi ta ja nesa ba kusa ba, sai dai nozul ɗinta ba ya yafe gas ɗin jarka mai ruwa da datti, kuma bel gare ta, wanda in ya tsinke injin na tafiya bawul da fistin za su gwabza. Duk ranar da ka sayi mai bel, ka sauya shi a makon nan, kome mai motar ya rantse maka. In aljihu ya kai, Land Cruiser 79 mai injin 1HZ ita ce uwar aikin, amma na san bai kai ba.

Giya ta hannu za ka nema, mai oksilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, saboda taɓon damina. Otomatik in tana jan kaya a hawa man giyarta dahuwa yake yi, sai an ƙara mata abin sanyaya mai. Oksilarin kuma na laka ne da yashi, kada ka bar shi a ciki a kan kwalta.

In ka je duba mota, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka sa tsohuwar riga, ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi shasi tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin na baya ya kama da kuma tsakanin kan motar da bodi. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tar, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji buf, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. A Amurka da Kanada gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin shasi daga ciki, har kamfanin Toyota ya sha sauya wa masu Tacoma da Tundra shasi a can. In ka ga an shafe ƙasan da baƙin fenti mai kauri sabo fil, ko ka ga tabon walda a tsakiyar shasi, ka kaɗe rigarka ka tafi. Inji ana sauya shi, shasin da ya ruɓe kuwa ba a jan kaya da shi. Ka ɗaga kafet kuma, in akwai busasshiyar laka ko tsatsa a ƙarfen kujera, motar ta sha ambaliya.

Ka je da sassafe, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba. Kafin a tayar, buɗe lagireto: kada ka ga mai yana yawo a kan ruwan, kada kuma ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In an tayar kuma ruwan yana ta kumfa, gasket ya ƙone ko tof silinda ya tsage. Hayaƙi shuɗi a salansa inji ne ke shan baƙin mai, fari wanda bai ɗauke ba bayan ya yi zafi ruwa ne ko nozul. Ka hau titi, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka take totur har ƙasa. In injin ya yi kuka motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare. Mitar da ke ƙirga nisan tafiyar mota kuwa kada ka yarda da ita, mayar da ita baya ake yi, robar feda da sitiyari sun fi ta faɗin gaskiya. Takardu ka san su: na kwastan, da shaidar mallaka, lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da ta takarda, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Duk wannan asarar kuɗi ce in an kuskure, kuɗi kuwa ana mayar da su. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Dillali zai yi ta gaya maka abin da motar za ta iya ja. Babu wanda zai gaya maka abin da za ta iya tsayarwa. Yi lissafi da kanka. Tirelar da masu walda suka haɗa maka, a wofi ba za ta gaza kilo 600 zuwa 700 ba. Ka ɗora buhu 25 na masara, kowane kilo 100, ka haura tan uku ke nan. Hilux kanta ba ta cika tan biyu ba. Wato abin da ke bayanka ya fi ka nauyi. Masu ƙera ta sun ce abin da waccan Hilux ɗin za ta ja bai kai tan uku ba, yana kuma bambanta gwargwadon shekara da samfuri, kuma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. In babu birki a tirela, kilo 750 ne iyaka, har da nauyin tirelar. Taka kuwa na gan ta da idona, aksil ɗin tsohuwar mota ne aka yanke, ko waya ɗaya ta birki babu a jikinta.

Ka san me ke faruwa a gangare? Kana take birki, tan uku na tura ka. Takalman birki su yi zafi su daina kamawa, man birkin da ya tsufa ya sha ruwa ya tafasa, sai ka ji feda ta lume har ƙasa ba komai. Ko kuma a kwana tirelar ta tura gindin motar gefe, ta naɗe ku wuri ɗaya. Ba sai a daji ba, ka tuna Kwanar Dangora da Kura ranar kasuwa, da Na'ibawa da yamma, 'yan Adaidaita Sahu suna tsayawa inda suka ga dama, yara 'yan talla suna tsallakawa. Kai ne za ka take, ta ƙi tsayawa. Kuma na san halinka, tun kana yaro in an ce buhu goma sai ka ce ai sha biyar ma za ta ɗauka. Wannan gardamar taka a kan abinci ko sutura na iya haƙuri da ita, a kan rayukan mutane ba zan yi shiru ba. Gidan nan ba mu manta abin da ya sami kawunka ba, kai ma ba ƙarami ba ne a lokacin. Ka ce na cika tsoro, to na ji. Ba ni da wani ɗan da zan saka a madadinka, kuma ba ni da fuskar da zan kalli iyayen wani yaro da ita.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi a kan mota, ka ware kuɗin birkin tirela. Akwai irin wanda ake sawa a bakin sandar ja, da zarar mota ta rage gudu tirelar ta matso sai ya kama tayoyinta da kansa. In ba a samu ba, ka tsaya a kilo 750, ko ka yi sawu da yawa, ko ranar kwashe amfanin gona ka ɗauki hayar Kanta. A cikin gona kuma, daga fage zuwa bakin titi, aikin tarakta ne irin Massey Ferguson 375. Ba abin kunya ba ne.

Ƙarfen ja kuma kada mai walda ya liƙa maka shi a bamba. Na asali ake nema, mai ƙwallo milimita 50, a ɗaure shi da noti masu ƙarfi a ramukan da ke jikin shasi, sannan sarƙoƙi biyu a giciye a ƙarƙashin sandar, ko ta kuɓuce su tallabe ta. Wajen lodi, kashi 60 cikin ɗari na kayan su zauna gaban aksil, nauyin da zai danne ƙwallon kuma ya zama kamar kashi 7 zuwa 10 na nauyin tirelar. In kaya suka rinjaya baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya. In ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi, ka riƙe sitiyari sak, ka ɗaga ƙafa daga totur har ta lafa. Kada ka cika bodin motar da buhuna sannan ka rataya tirela cike. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Man birki a zubar da tsohon a zuba sabo ranar da ka saya, sannan duk shekara biyu. Taya ka sa mai alamar LT ko C, ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, irin wannan ko zanenta bai goge ba ta tsufa. Da kaya kada gudunka ya wuce kilomita 60 a awa, kuma kada ka yi tafiyar dare da tirelar da ba fitila.

Ban ce kada ka saya ba. Na ji daɗin yadda ka riƙe gonar nan, an gaya mini masarar bana ta yi kyau, Allah ya ƙara albarka. Kafin alƙalamin da ka bayar, in dillalin ya ƙi mayarwa ka bar masa. Ka shigo ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci mu tafi da bakaniken gidan nan mu duba guda biyu da aka ba ni labarinsu a Zoo Road. Ka auno mini tsawon tirelar da faɗinta, ka ɗauko hoton aksil ɗin da bakin sandar, don mu san irin birkin da zai shiga.

Hajiyarku tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da sabuwar masara ko tiya biyar ce. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Ni ne mahaifinka.