Zuwa ga ɗalibina da ya tambayi sunan jan ƙwaron tabkin Gidimuni

Ɗana, na ji tambayar da ka aika gidan rediyo, aka karanta ta Damagaram duka na saurare. Ka ce me ya hana ni laƙaba wa jan ƙwaron da muka ɗebo a tabkin Gidimuni sunan kimiyya mai kalma uku maimakon biyun da aka saba, alhali ka ga tsohon bayani da ya kira mai kama da shi reshen jinsi na daban. Har ka ce ko tsoro nake ji. Na ji daɗin tambayar ƙwarai.

Ka tuna yadda muka zuba ruwan a farin faranti, sai ga ɗigo ja, bai kai ƙwayar gero ba, yana iyo tsakanin ciyayi da ƙafafu takwas. Dangin kaska ne da gizo-gizo. Masana na kiransu Hydrachnidia, an kuma bayyana fiye da jinsi 6,000.

Kalma ta uku a sunan dabba ba ado ba ce. Wanda ya sa ta yana cewa ne wannan zuriya ta ware a yankinta har kamanninta sun bambanta da na ƴan uwanta. To a nan nake tsayawa. Jaririn ƙwaron nan ƙafa shida gare shi, kuma manne wa sauro ko mazari yake yi, ya sha jikinsa, a tashi da shi sama. Wanda ake goyawa daga wannan tabki zuwa wancan, yaya za a yi saurin cewa ya ware?

Sannan bayanin da ka dogara da shi a kan ƙwaro ɗaya tak aka yi shi, bambancin kuwa ɗan tsawon gaɓar hannun baki ne, wato ɗan hannun da ke gefen bakin ƙwaron. Mu ma a farantinmu, da muka sa su a madubin ƙara girma, namiji daban, mace daban, wanda bai gama girma ba daban. Ƴaƴan ɗaki ɗaya ma ba tsawonsu ɗaya ba.

Tsarin sunayen dabbobi daga littafin Linnaeus na 1758 ya faro, kuma ƙa'ida a yau ita ce suna yana rataye ne ga samfurin asali da aka adana. In samfurin ya ɓace, bayanin kuma bai isa a gane dabbar ba, sai a ce sunan nomen dubium ne, wato suna mai shakku. Ba zan ɗora ƙwaronmu a kan irin wannan ba, don wanda zai zo bayana da maganata zai yi aiki.

Tun 2003 da Paul Hebert na Kanada ya fito da hanyar tantance jinsi ta guntun ƙwayar halitta, aikin ya yi sauƙi, amma sai da samfuri masu yawa. Don haka in damina ta ɗauke, ka zo da kwalabe. Mu koma Gidimuni, mu bi tabkunan wajen Mirriya, mu tara maza da mata, wasu mu auna, wasu mu sa a alkol saboda gwajin.

Malaminka,
daga Zinder