Godiya ga shagon ruwan lagireto na Ƙofar Ruwa da yaronsu mai haƙuri

Assalamu alaikum jama'a. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga wani shagon sayar da baƙin mai da ruwan lagireto a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano, Alhaji mai shagon da yaron da ke tsare masa, don wallahi abin da suka yi min na daɗe ban ga irinsa ba a harkar mota.

Corolla ce da ni ƙirar 2006, tun da zafin bazara ya shigo take wahalar da ni, da na shiga goslo a Kurna ko titin Zoo Road sai in ga allurar zafin inji tana hawa, in kashe AC in sauke gilas ina salati. Makanikai uku na zaga. Na farko ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar ya ce wai na ƙasar Turawa ne mu nan ba ma buƙata, na biyu ya haɗa fanka dairek tana ta juyawa tun daga tayar da mota, na uku kuwa omo ya zuba a lagireton ya ɗauraye da ruwan rijiya ya karɓi kuɗinsa. Kowa ya taɓa sai ya ce an gama Alhaji, bayan kwana huɗu a koma gidan jiya. Ni kuma kullum da safe ina fasa fiyawata biyu ina ɗurawa, ban san ni ma ina cikin masu kashe motar ba.

Ranar Asabar na gaji na ce da kaina zan wanke lagireton a gida. Na shiga shagon nan na ce a ba ni kulan, wato ruwan lagireto, galan ɗaya kowanne iri. Maimakon yaron ya miƙo min, sai ya ce Baba wace mota ce, kuma wane kalar ruwa ne a ciki yanzu? Na ce fiyawata. Bai yi min dariya ba, ya bar shagon ya biyo ni har inda na yi fakin cikin ranar nan, ya taɓa tiyo ya ji da zafi ya ce kar a buɗe murfi yanzu, ruwan zai iya feso mana a fuska. Ya ba ni benci muka jira, da ta huce ya nuna min robar murfin lagireton duk ta tsattsage, ya ce murfin nan shi ke riƙe fireshan da ke hana ruwa saurin tafasa, in ya mutu ko me ka zuba a banza. Abin da mutum uku ba su duba ba ke nan fa.

Har takarda ya yago ya rubuta min yadda zan yi. Motar tana cin kusan lita 6 da rabi, kulan mai kalar ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa ba a ƙara masa ruwa, kuma kar in gauraya shi da kore. Ɗauraya kuma da ruwan batir mara asid, ya maimaita min mara asid ɗin nan sau biyu. Na nuna wani maganin wanki mai tsada, ya ce bar kuɗinka Baba, sayi tamostat ka mayar ya fi maka. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya tambaya ko akwai yara da dabbobi a gida, ya ce ruwan nan yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne, kar in bar shi a buɗe.

Lahadi bayan asuba inji na sanyi na tara baho, na kwance ɗan makunnin roba da ke ƙasan lagireto, abin da ya fito jajir da tsatsa kamar ruwan kududdufi. Sau uku ina cikawa, in tayar da mota hita a ƙure, in jira ta huce in sake zubarwa kafin ya fito garau. Tsohon ruwan a jarka na rufe saboda awakin maiɗakina. Da na zuba sabon sai allura ta ɗan hau, gabana ya faɗi, na kira yaron shagon, ranar hutunsa amma ya ɗauka. Ya ce iska ce ta maƙale, in bari ta huce, in bar murfi a buɗe mota na aiki ina matsa tiyon sama har kumfa ya daina fitowa, sannan in cika. Haka aka yi. Tamostat da wayar fanka kuma Litinin aka mayar min.

Ni dai abin da ke damuna, me ya sa sai an yi sa'a ake samun wannan? Wasu shagunan ka yi tambaya ɗaya a haɗe rai kamar bashi ka zo ci, wasu ruwa ne da kala a galan a ce maka orijinal, in ka dawo a ce ba a nan ka saya ba. Garejin ma haka, babu mai yi maka bayani, a cire abu a jefar sai gasket ya ƙone a ce tsufa ne.

Alhaji Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa kasuwa albarka. Kai kuma ƙanina Allah ya ba ka naka shagon. Sati biyar ke nan allura na tsakiya, jiya ma na yi kusan minti 40 a goslon Kurna da AC a kunne.