Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni wace irin uwa ce ni

Assalamu alaikum, Alhaji. Ranka ya daɗe.

Ranar walimar bayan Sallah da jama'armu ta nan Ohio ta shirya, an ba ni 'yan mintoci in yi wa yaranmu na jami'a bayani a kan aikin da ɗalibai ke zuwa yi a manyan wuraren shaƙatawa, irin na Disney da ke Florida da Cedar Point da ke nan jiharmu. Ko zama ban yi ba ka karɓi lasifika, ka jefo mini tambaya biyu a gaban maza da mata da yara. Ka ce wace irin uwa ce za ta saki 'yarta budurwa har wata biyar a garin da ba ta da kowa, tana sharar bola a gidan wasa da sunan karatu. Sannan ka ce in faɗa wa jama'a nawa ake ba ni kamasho a kan kowane yaro da na tura.

Na yi shiru a ranar saboda girmanka, kuma saboda yarinyar da kake magana a kanta tana zaune a bayanka, kanta a sunkuye, tana jin komai. Amma tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Maganar kamasho ba za ta ci mini lokaci ba. Shekarata 16 ina aikin ba ɗalibai shawara a kwalejin da nake, can albashina yake fitowa, kuma ko sisin kwabo ban taɓa karɓa daga wani kamfani ba. Ɗalibin da ke karatu a nan Amurka babu dillali tsakaninsa da shirin Disney. Da hannunsa yake cike takarda ta intanet, a yi masa tambayoyi, a ɗauke shi ko a bar shi. Ka san ni tun ina goyon wannan yarinyar. Ɗanka na biyu ni na zauna da shi har dare muna gyara takardun neman tallafin karatu, ka tambaye shi ko na karɓi ko da ruwan sha.

Ɗaya tambayar ce ta hana ni barci.

Eh, 'yata ta yi shara. Ba zan faɗi sunan wurin da ta yi aiki ba, amma ba zan ɓoye aikin ba: tsintsiya da abin kwashe shara aka miƙa mata, ta wanke banɗaki, ta kwashe aman yaran da lilo ya juya wa ciki. Satin farko ta kira ni tana kuka, ƙafafunta sun kumbura. Na ce mata in ta ga ba za ta iya ba, ta dawo, ƙofa a buɗe take. Ba ta dawo ba. Yarinyar da a da ba ta iya ɗaga waya ta kira asibiti da kanta, ta dawo gida tana iya tsayawa gaban ƙaton mutumin da ke zazzaga mata masifa don an rufe lilon da ya biya kuɗi ya zo hawa, ta yi masa bayani a natse har ya sauko. Ta koyi tashi da asuba ba tare da na buga mata ƙofa ba. Ta koyi raba albashi gida uku kafin ta taɓa shi. Ta zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata da ba su san abin da ake nufi da alwala ba, ta koya musu su daina wucewa ta gabanta idan tana salla, ba da faɗa ba. Ni da nake uwarta na yi shekara 19 ina ƙoƙarin koya mata wasu daga cikin abubuwan nan, ban iya ba, don duk ranar da ta gaza ina nan kusa in ɗauke mata.

Kafin ta tafi mahaifinta ya raka ta, ya ga ɗakin da idonsa, ya tabbatar mata ne zalla a ciki, ya nemo masallacin da ya fi kusa, ya damƙa ta amana a hannun wasu iyalin Musulmi da muka sani a garin. Kullum sai mun yi waya. Ga irin uwar da nake, Alhaji.

Da ka tsaya ka saurari abin da na faɗa kafin ka karɓi lasifika, da ka ji cewa rabin maganata gargaɗi ne. Aibin shirin nan yana nan, kuma na fi ka saninsa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ba a jikin tsintsiya yake ba.

Disney ta fara shirinta na ɗalibai a 1981, shekara 10 bayan buɗe Walt Disney World kusa da Orlando. Ɗalibi kan ajiye zangon karatu guda, ya tafi kamar wata huɗu zuwa bakwai, wani ya ƙara. Suna kiransa shirin kwaleji, amma mafi yawan abin da za a ba shi aikin awa-awa ne: tsaron layi, soya dankali, sayar da 'yartsana, gyaran ɗakin otal, gadin wurin iyo. Wasu jami'o'in suna ƙirga shi cikin makin karatu, wasu ba sa yi. Yaron da bai tambaya ba kafin ya tafi zai iya dawowa ya tarar zango guda ya tafi a banza, tallafin karatunsa ma ya shiga wani hali tunda bai yi rajista a matsayin cikakken ɗalibi ba. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, shi ya sa ba na barin ɗalibi ya sa hannu sai ya kawo mini amsar sashensu da ta ofishin tallafi a rubuce.

Sai maganar ɗaki, wadda a ganina ita ce babba. A irin waɗannan shirye-shirye kuɗin haya daga albashi ake zare shi kafin ya iso hannun yaro. Satin da aka rage masa awoyi, haya ba ta raguwa. Kuma wurin kwanansa a ɗaure yake da aikinsa: ranar da aka sallame shi, ranar ya fara haɗa kaya. Wanda gadonsa ke hannun mai gidan aikinsa ba ya ɗaga murya ko an taka shi. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta sa aka rufe wuraren wasan Florida, an dakatar da shirin Disney, aka ba ɗalibai 'yan kwanaki su kwashe kayansu su tafi, kuma shirin bai dawo ba sai tsakiyar 2021. 'Yata ma, a wurin da ta yi, akwai satin da abin da ya rage mata bayan haya bai kai kuɗin cefane ba, sai da na tura mata. Duk wanda ya ce wa yaro zai je ya tara kuɗin makaranta a can, bai gaya masa gaskiya ba.

Na 'yan ƙasashen waje ya fi wannan nauyi. Su da bizar J-1 suke shigowa, wadda ta samo asali daga dokar musayar ilimi da al'adu ta 1961, kuma ɓangarenta na aikin hutun bazara bai wuce wata huɗu ba. A nan ne dillalai suke, a nan ne ake karɓar kuɗi. Yaro zai biya kamfanin da ya tsaya masa, ya biya biza, ya biya jirgi, wani da bashi, ya sauka a garuruwan shaƙatawa irin su Sandusky ko Wisconsin Dells ko Ocean City yana lissafin yadda zai mayar. Masu wuraren suna son su don dalili: lokacin da kasuwa ta fi ci suke zuwa, su tafi idan ta mutu, kuma ba a biya musu harajin fansho da na lafiyar tsofaffi da ake biya wa ma'aikaci ɗan ƙasa, wanda kason mai gida a ciki kashi 7.65 ne cikin 100 na albashi. A watan Agustan 2011 ɗaliban J-1 da ke ɗure cakulan ɗin Hershey a kwali a wata ma'ajiya da ke Palmyra, jihar Pennsylvania, suka ajiye aiki suka fito zanga-zanga, saboda sun biya dubban daloli sun zo musayar al'adu, sun ƙare a ɗaukar kaya har cikin dare, abin da ke saura bayan haya bai taka kara ya karya ba. Sai bayan wannan ne Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hana ƙungiyar da ta kawo su ci gaba da shirin, ta kuma tsaurara dokoki a 2012. Duk wannan na faɗa a taron, ko da a gurguje ne. Na kuma ce wa iyaye duk wanda ya kira su daga gida yana cewa wani ya yi masa alkawarin aikin Disney in ya biya miliyoyi, su ce masa ya riƙe kuɗinsa har sai an bincika.

Da ka tambaye ni a kan hijabi da salla da abincin da za a ba yaro ya sayar, da na gode maka, don tambaya ce ta uba. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa addinin ma'aikaci sassauci matuƙar ba zai jawo masa wahala mai yawa ba. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ba wata Musulma gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch, wanda ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Disney ita kanta wata ma'aikaciyarta 'yar asalin Maroko ta kai ta kotu a 2012 a kan hijabi a otal ɗinta na Anaheim. Ke nan haƙƙin yana nan, amma sai an nema, wani lokaci sai an ja. Ina gaya wa kowane yaro ya rubuta buƙatarsa tun kafin ya tafi: hijabi, lokacin Juma'a, da cewa ba zai yi aiki a inda ake zuba giya ba. In sun ƙi, ya haƙura da tafiyar. 'Yata da hijabinta ta yi aikinta har ta gama, kuma azumi ya same ta a can cikin zafin da sai wanda ya tsaya a kan kwalta tun safe ya san shi. Ta kai shi.

Batun cewa wuraren nan shirme ne na 'yan tsana da ɓeraye, ban ƙi ba, ni ma ba wurin zuwana ba ne. Amma ma'aikaci albashinsa ya je nema.

Akwai abin da na so in bari a cikina, sai dai kai ka fara taɓa mutuncina. Kowa a ɗakin nan ya san yara uku da suka tafi shirin a bara daga shagonka suka tashi, kuma kowa ya san abin da kake ba su a awa. Ban taɓa cewa komai ba, don na ɗauka taimako kake yi. Amma mutumin da yaran jama'a ke share masa shago suna jera masa kwali, bai dace ya tashi a taro ya kira shara abin kunya ba don kawai a wani wuri aka yi ta. In tsintsiya ba ta zubar da mutuncin yaro a shagonka ba, ba za ta zubar da shi a Florida ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tafin da aka yi maka. Na juya na ga masu tafin. Akwai wanda ya yi shekara 10 yana tuƙa tasi da dare kafin ya samu aikin ofis. Akwai wadda ta yi wa tsofaffin Turawa wanka ta biya wa ƙannenta makaranta a Zinder. Mu duka da irin wannan aikin muka tsaya da ƙafafunmu a ƙasar nan, kai ma ka sani, don na ji daga bakinka cewa wanke-wanke ka fara yi a gidan abinci. Yanzu da Allah ya rufa mana asiri sai muke ɓoye wa 'ya'yanmu tarihinmu, muna koya musu cewa mai digiri ba ya sunkuyawa. Wannan cutar daga gida muka taho da ita. Tun 1973 hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta kafa shirin SIWES a Najeriya don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama, amma ɗalibai nawa ne ke neman ofishin kawu inda za su zauna a sa musu hannu a littafi su koma makaranta? Sai a gama, a rataye kwalin digiri, a zauna a majalisa ana jiran gwamnati, ga Inyamuri ɗan shekara 15 ya shigo garin yana koyon kasuwa a shagon maigidansa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, kuma ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Kai ka fi ni sanin hadisan nan, kai kake karanta mana su.

Ban ce kowane yaro ya tafi ba. A bana ma na hana biyu: ɗaya yana karatun injiniya kuma ya samu gurbin koyon aiki a fanninsa, wanda ya fi masa soya dankali nesa ba kusa ba, ɗayar kuma iyayenta ba su da halin tura mata ko dala 50 in sati ya yi mata tsami, ga shi ita ma ba ta shirya zama nesa da gida ba. Na ukun da ya zo, na ce ya je, bayan mun zauna da mahaifinsa mun buga lissafin haya da awoyi a takarda.

Abu ɗaya nake nema a wurinka, Alhaji. Ra'ayinka a kan shirin naka ne, ka riƙe shi, ka hana naka 'ya'yan in ka ga dama. Amma maganar kamasho ƙazafi ce, kuma tun ranar iyaye biyu sun daina ɗaga wayata, alhali 'ya'yansu na da takardun tallafi da wa'adinsu ya kusa cika. A taro na gaba ina so ka karɓi lasifikar nan ka janye ta, da bakinka, a gaban mutanen da suka ji ta. 'Yata za ta zo, ta ce a bayanka za ta sake zama.

Wassalam.
Ƙanwarka a Musulunci.